Shekara biyu ina ɓoye wa mutane cewa da kayan bola nake ƙera sarƙoƙina

Babanmu Allah ya jiƙansa rewayin yake yi, wato gyaran koyil ɗin fanka da injin ruwa da janareta, kuma yana da wani hali da Umma ta gaji da yin magana a kai har ta haƙura, duk koyil ɗin da ya ƙone in ya kwance wayar ba ya yarwa, sai ya dunƙule ya cusa a buhu yace wata rana za tayi rana. Da ya rasu buhu biyu muka tarar a bayan ƙofar ɗakinsa, cike taf da wayar jan ƙarfe duk ta yi baƙi tana warin ƙauri. Yaya yace a kira 'yan gwangwan su auna a rabu da su, ni kuma da daddare na ja ɗaya na tura ƙarƙashin gadona, ban ma san me zan yi da shi ba wallahi, kawai dai warin buhun irin warin rigarsa ne.

Lokacin na bar makaranta ina aji biyu a sashen sassaƙa, babu mai biya min. Abin da na tsira da shi daga wajen bai taka kara ya karya ba, na iya murɗa waya in yi ƙashin abu kafin a lafta masa yumɓu, na iya kallon abu ta gaba da baya da gefe ba ta fuska ɗaya kawai ba kamar mai zane. Wani dare da bacci ya ƙi zuwa na zaro waya daga buhun, na kankare fentin jikinta da reza saboda irin wayar koyil ana shafe ta da wani baƙin fenti mai hana wuta tsallakawa, na zauna ina lanƙwasawa da tsohon filayan Baba har ta zama wata 'yar tsuntsuwa da bata kai babban yatsa ba. Da safe ƙanwata ta gani ta zura mata zare ta rataya a wuya ta tafi makaranta, ta dawo da saƙon ƙawayenta uku.

Toh daga nan ne fa. Amma wayar ta dinga ba ni kunya, ina cikin lanƙwasa ta ko na ɗan bubbuge ta da guduma dan ta yi faɗi sai ta ƙage ta ƙi juyuwa, in na matsa mata ta karye ƙas, aikin awa biyu ya tashi a banza. Wani dattijon maƙeri abokin Babanmu ne ya warware min, na kai masa karyayyun a leda ya juya su a tafin hannu yayi dariya yace "'Yata ai gajiya ƙarfen ya yi, ke in an yi ta dukanki ba za ki sandare ba?" Ya kama ɗaya da awartaki ya sa a wuta har ta yi ja kaɗan, ba jajawur ba, irin jan da sai a inuwa kike ganinsa, ya tsoma a ruwa ta yi cuuu ya miƙo min, sai ga ta tana lanƙwasuwa kamar igiya. Yace baƙin ƙarfen da ake wuƙa da shi in ka tsoma shi a ruwa da zafinsa tauri yake yi, shi jan ƙarfe ba ruwansa, laushinsa yake riƙewa, in kika ci gaba da bugu ya sake ƙagewa sai ki sake mayar da shi wuta. Abin da ya ɗauke shi minti uku ni na yi wata biyu ina kuka a kai.

A makaranta wani malaminmu ya taɓa nuna mana hotunan aikin Alexander Calder, ɗan Amurka mai sassaƙar nan da ya rasu a 1976, wanda aka fi saninsa da manyan ƙarafan da ake ratayewa iska na juya su. Ashe mutumin nan ya ƙera kayan ado wajen guda 1,800 a rayuwarsa, kusan duk da waya da guduma, ba ya narka ƙarfe ba ya liƙi da wuta, naɗi ne da bugu da ƙusa, kuma tun yana yaro ya fara da tsintar guntayen wayar jan ƙarfe a titi yana yi wa 'yartsanar yayarsa kayan ado, daga baya har fasassun tangaram ya tsinta ya naɗe da waya ya yi wa mahaifiyarsa sarƙa. Na san wannan labarin sarai. Amma ni da aka fara tambayata da me nake yi sai bakina ya suɓuce nace "tagulla ce ta waje", kuma daga ranar ƙaryar ta zauna daram. Kunya nake ji, gaskiya kenan. Ina ganin in nace daga ƙonanniyar fanka ne ko daga bola za a ce talauci ne ya sa, marainiya ta rasa abin yi ta koma tsince-tsince, shi Calder in ya tsinta fasaha ce ni in na tsinta babu ce.

Ƙorafin farko da na samu wata ce ta turo min hoton wuyanta ya yi kore. Na tsorata na je na bincika, aka ce min jan ƙarfe ne ke haɗuwa da zufa ya bar wannan launin, da sabulu yake fita kuma ba cuta ba ce. Na fara shafa musu kaki ta ciki, magana ta mutu. Sai dai abin ya sa min wani sakaci, na ɗauka duk matsalar ƙarfe iyakarta kenan, kore ne a wanke a wuce.

Da hannuna ya faɗa sai waya ta ishe ni, ina son abu mai jiki mai nauyi, sai Baba maƙeri ya koya min zubi da kakin zuma, kuma har gobe duk cikin aikin nan babu abin da nake so kamar shi. Za ki ɗumama kakin a hannu har ya yi laushi ki sassaƙa abin da kike so da shi, ni allura da bakin ƙaramar wuƙa nake amfani da su, duk wani zane har da sawun yatsanki in kika bari zai fito a ƙarfen. Sai ki manna masa 'yar sandar kaki wadda za ta zama hanyar zubi da wata siririya ta fitar iska. Ki dama yumɓu mai laushi sosai da garin gawayi ruwa-ruwa ki shafa masa da gashin kaza ko burushi, ki bari ya bushe, ki ƙara, ya bushe, sannan ki lafta mai kauri a kai har ya zama wani dunƙule mummuna da ba wanda zai ce akwai abu a ciki. Kwana da kwanaki yana bushewa. Ranar zubi ki sa shi a wuta kakin ya narke ya zube ya bar gurbinsa, ki narka tagulla ki tsiyaya a gurbin, in ya huce ki ɗauki guduma ki fasa. Wajen fasawar nan har yau gabana faɗuwa yake, dan kakin ya tafi yumɓun ma ya tafi, in bai yi ba babu na biyu, in ya yi ma babu na biyu, shi ya sa ko ni ba zan iya maimaita zobe ɗaya sak ba. Dabarar ta haura shekara 5,000 a duniya, da ita aka zuba kawunan nan na Ife da aka tono a 1938 waɗanda Turawa suka yi ta musun wai ba baƙar fata ne suka yi ba.

Akwai tabo a bayan ƙafata ta hagu, na gaggawa ne. Wata ta matsa min tana son munduwarta, yumɓun bai gama bushewa ba kuma ban gasa shi yadda ya kamata ba, ina zuba narkakken ƙarfen sai ji nayi fau, ya tofo min. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, ɗan laimar da ido ba ya gani ya isa. Tun daga nan takalmin fata rufaffe nake sawa ko da zafi zai kashe ni.

Tagullar da nake narkawa kuwa duk abin da ya yi min kalar rawaya ne, tsofaffin makullai, kwaɗo, kan famfo, maɗaurin ƙofa, duk in watsa a tukunya. Akwai wani farin hayaƙi da yake tashi, ranar da na yi zubi a ɗaki saboda ruwan sama da daddare zazzaɓi ya rufe ni da rawar sanyi da ciwon gaɓɓai da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki, na sha maganin maleriya, bayan kwana biyu na miƙe, na sake zubi ya sake dawowa. Tutiya ce. Ita tagulla rawaya haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, tutiya kuma tana tafasa a digiri 907 na ma'aunin Celsius, daidai wajen da tagullar ke narkewa kenan, sai ta bi iska ki shaƙa. Baba maƙeri ya san wannan, yace "kar ki ƙara zubi a rufaffen waje, kuma ki duba inda iska ta nufa ki ba ta baya." Hayaƙin da ake gani ya sani. Wanda ba a gani ne daga ni har shi ba mu sani ba.

Akwai wata sarƙa da na yi wadda nake ji da ita, makullai bakwai ne na buge su suka yi faɗi na lanƙwasa su na jera kamar gashin fiffike, na goge su da samfefa har suna ɗaukar ido, ba za ki taɓa cewa makulli ba ne. Na ba matar Yaya kyauta, Antina, ta ji daɗi ba ta cirewa. 'Yarta lokacin tana wata takwas tana haƙori, in an ɗauke ta hannunta na kan sarƙar nan ta kai baki tayi ta tsotsa, mu kuma muna dariya muna cewa ta san abu mai kyau, har hoto na ɗauka na ɗora a Instagram, Allah ya yafe min.

Wata ranar Talata ina shara wayata ta yi ƙara, Anti ce daga asibiti sun kai yarinyar awo. Tace "Ke ga likita na tambaya wai wannan sarƙar da me aka yi ta, nace masa tagulla ce ta waje yace wace iri?" Na yi shiru. Tace "Kina jina?" Nace Anti ba shi wayar. Ya karɓa ya yi sallama cikin mutunci yace ba wani abu ba ne, ya ga yarinyar na tsotsa ne yake son sanin ƙarfen. Tsintsiya na hannuna, kuma na san in na maimaita ƙaryar nan shikenan zai ce to madalla ya ajiye, ba wanda zai sani. Nace likita tsofaffin makullai ne. Ya ɗan yi jim, yace a cire mata yanzu, kuma yana so a ɗebi jinin yarinyar.

Shi ya yi min bayani daga baya da na je da kaina, masu yin makulli da kan famfo na da suna zuba wa tagullar dalma kaɗan, kamar kashi 2 cikin 100, dan ta yi daɗin yanka a inji. Babba in ya rataya a wuya ba wani abin tashin hankali ba ne, amma yaro mai tsotsa kullum haɗiya yake, jikin yaro kuma ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali ba tare da an ga alama ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace babu wani adadinta a jini da aka san ba ya illa. Ya ba ni labarin wani yaro ɗan shekara 4 a Amurka da ya rasu a 2006 bayan ya haɗiye wani ɗan abin ado na munduwa da aka bayar kyauta da takalmi, da aka gwada kusan duk dalma ce. Yace nawa bai kai wannan ba ko kusa, kar in ɗaga hankalina, amma ina, hankali ya riga ya tashi.

Kwanakin jiran sakamakon nan ba na son tuna su. Yaya bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi min sauƙi, kallona kawai ya yi yace "Da kin faɗa mana makulli ne ai da ba mu bar shi a bakinta ba, ko dan datti." Maganar nan ta fi mari ciwo dan gaskiya ce, ba sai sun san dalma ba, wace uwa ce za ta bar jaririyarta na tsotsar makullin da aka tsinto. Umma kuwa cewa ta yi "Ubanki shekara talatin yana tara wayar nan a gaban kowa bai taɓa jin kunya ba, ke a ina kika samo taki?" Sakamako ya fito an ga dalmar a jininta amma bata kai inda ake ba da magani ba, aka ce a raba ta da abin a sake gwadawa bayan wasu watanni, da aka sake ta sauka. Alhamdulillah.

Ina da wani littafi da nake rubuta wanda ya sayi kaya da abin da ya saya, na zauna na bi shi layi-layi, duk wadda na sayar wa abin da makulli ko kwaɗo ko kan famfo ya shiga ciki na kira ta na faɗa mata gaskiya nace ta dawo da shi in canza mata ko in mayar mata da kuɗinta. Abin da ya ba ni mamaki, yawancin waɗanda suka yi fushi ba dalmar ce ta dame su ba, bolar ce. Wata Hajiya tace "Au, wato shara kika sa na rataya a wuya ina yawo cikin mutane?" ta kashe wayar, ta aiko direba da kayan a leda ko gaisuwa babu. Ban ga laifinta ba, ni na fara raina abin kafin ita. Wata kuma cewa ta yi in dai 'yan kunnen nan daga injin fanka suka fito to in yi mata wasu kala uku, kuma in rubuta mata a takarda dan ta nuna wa mutane.

Bayan nan na yi kusan wata huɗu ban taɓa guduma ba, karatu na koma yi akan kowane tarkace da ke ɗakin aikina, kuma abin da na gano ya sa ni kuka da dariya lokaci ɗaya, duk cikin kayan nan babu mai tsafta kamar buhun Baba. Wayar lantarki kusan zallar jan ƙarfe ce, wajen kashi 99.9 cikin 100, dole kamfanoni su tace ta haka dan duk wani gauraye yana rage mata ɗaukar wuta. Wato baƙar wayar nan mai warin ƙauri da nake ɓoyewa ita ce ta kirki, masu ƙyallin da nake alfahari da su su ne masu guba.

Yanzu makulli da kwaɗo da kan famfo ba sa shiga tukunyata, in zan yi zubi da jan ƙarfen waya nake yi in haɗa da kuza tsantsa da na saya na san asalinta, shi jan ƙarfe sai ya kai digiri 1,085 yake narkewa, ya fi cin gawayi da zugazugi amma na yarda. Wayar da ke da rigar roba feɗe ta nake da wuƙa, ba na ƙonawa kamar yadda wasu ke yi, hayaƙin robar nan guba ne tsagwaronsa. Tsohon cokali in na samu sai na juya bayansa, in an buga 925 azurfa ce ta gaske, in EPNS aka rubuta wanki ne kawai aka yi masa, cikinsa haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, kuma nikel ɗin nan shi ke sa wa mata da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne. Shi ya sa ƙugiyar da ke shiga cikin hudar kunne ita kaɗai sabuwa nake saya ta azurfa, ba na wasa da wannan. Allon cikin tsohon rediyo yana da kyau a ido, kore da layukan zinariya, mutane na son sa a sarƙa, amma liƙin jikinsa na da haɗin kuza da dalma ne, na daina. Gwangwanin lemo kuma abokina ne wajen manyan 'yan kunne dan ba shi da nauyi, sai dai a naɗe bakinsa ciki in ba haka ba ya yanka wuya. Kwalba na gwada narka ta na sha wahala, in kika haɗa kwalabe iri biyu kowacce da yadda take kumbura da zafi, suna hucewa su tsage, na bar wa masu ita, mutanen Krobo na Ghana sun daɗe suna daka kwalba su mayar da ita duwatsun wuya, ni dai gogewa kawai nake in naɗe da waya.

Wani abu da ke ɗan ba ni haushi yanzu shi ne yadda ake son a kira ni mai ceton muhalli. Ni dai a'a. Abin da nake amfani da shi a wata bai cika ƙaramin bokiti ba, ga gawayi da gas da nake ƙonawa. Masu wannan aikin da gaske su ne masu narka gwangwani da tan-tan, dan sake narka alminiyam kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na makamashin da ake buƙata a yi sabo, ko irin abin da Japan ta yi a gasar Olamfik ta Tokyo 2020 da ta tara tsofaffin wayoyin hannu sama da miliyan 6 da sauran kayan lantarki aka tace su aka yi lambobin yabo wajen 5,000. Ni abin da ya ja ni kayan ne da kansu, wayar da ta yi shekara goma tana juya fanka a ɗakin wani akwai lanƙwasar da ke jikinta da sabuwa ba ta da ita, wani lokacin ita ke nuna min inda fiffiken zai bi. El Anatsui, ɗan Ghanan nan da ke ɗinke murafan kwalba da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton zane a bango, har lambar girmamawa aka ba shi a birnin Venis na Italiya a 2015, kuma duk wanda ya matsa kusa da aikinsa zai karanta sunan kamfanin da ke jikin murfin ɓaro-ɓaro, bai goge ko ɗaya ba.

Duk abin da zai fita daga hannuna yanzu da 'yar takarda a ɗaure, in rubuta daga me aka yi shi, koyil ɗin fanka ne ko cokali ko gwangwani, da wane ƙarfe ne a ciki, a ƙasa kuma in sa kar a bar yaro ya sa a baki, ko da na san babu dalma. Sarƙar makullan nan bakwai tana rataye a ƙusa saman teburin aikina, mutum biyu sun nema na hana.

Yarinyar ta shiga aji ɗaya bana, surutu kamar aku, in ta zo sai ta zauna a bakin ƙofa dan na hana ta shiga, tana miƙo min tambaya. Ni da Yaya mun yi kusan shekara gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Buhun Baba ya kusa ƙarewa saura kamar kwata, ban faɗa wa kowa ba amma ina jin Umma ta lura. Ranar Asabar da ta wuce sai ga Yaya ya shigo da injin tsohuwar fankar ɗakinsu a hannu, ta ƙone, ya dire min a ƙasa yana kakkaɓe hannu yace "Ga wannan, ki duba ko za ta yi." Na ɗauko sukundireba, ya tsuguna ya riƙe min ina kwancewa.